Ta ina ake fara aikin kula da babban filin wasan ƙwallon ƙafa?

Ka tambayi irin karatun da ake yi da kuma inda ake farawa idan mutum na son zama manajan babban filin wasa. Malam, son ƙwallo kaɗai ba ya kai mutum wannan kujera. Akasari ana karanta gudanar da harkokin wasanni, kula da gine-gine ko kasuwanci, sannan a faro daga ƙasa: sayar da tikiti, tsaron ƙofa, shirye-shiryen ranar wasa.

Inda nake so ka fi zage damtse shi ne tsaron rayukan 'yan kallo. A 1989 turmutsutsu a filin Hillsborough da ke Sheffield a Ingila ya yi sanadin mutuwar mutum 97, kuma bayansa ne aka wajabta wa manyan kulob-kulob na ƙasar sanya kujeru a wuraren da a da ake kallo a tsaye. Kai ne za ka san yawan mutanen da kowace ƙofa ke iya ɗauka, da tsawon lokacin da za a ɗauka kafin a fitar da kowa idan gobara ta tashi, da yadda za ka haɗa kai da 'yan sanda da ma'aikatan lafiya. Wannan amana ce, kada ka ɗauke ta da wasa.

Sai batun kuɗi. Kulob ɗin gasar Firimiya wasa 19 kacal yake bugawa a gida cikin gasar a kaka guda, sauran kwanaki kuwa dole filin ya ciyar da kansa. Shi ya sa filin Tottenham da aka buɗe a 2019 ake iya janye ciyawarsa a yi wasan ƙwallon Amurka ko taron mawaƙa. Koyi lissafin kasafi da tsara yarjejeniyar haya tun yanzu.