Ruwan da Gwaji Ya Ce Akwai Dalma a Cikinsa: Alwala, Sha da Sayarwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da burtsatse a ƙofar gida, 'yan garuwa na saye. Ɗana ya kai ruwan ɗakin gwaji, aka ce dalmar da ke ciki ta wuce ƙima. Ruwan kuwa garau yake, ba wari, ba ɗanɗano. Dattawan unguwa sun ce ruwan da bai sāke ba mai tsarki ne, kada in biye wa na'ura. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Dattawanku sun faɗi gaskiya a babin tsarki, sai dai tambayarka ta wuce nan.

A mazhabar Malikiyya ruwa yana nan a kan tsarkinsa matuƙar launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai sāke ba. Dalma kuma ma'adini ce, ba najasa ba. Alwalarka da wankanka sun inganta, babu sallar da za ka rama. Ka dai tofar da ruwan kurkurar baki.

Sha kuwa hukuncinsa na rataye da cutarwa. Manzon Allah (SAW) ya ce: "La darara wa la dirar", wato ba cuta, ba cutarwa, kamar yadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Ido ba ya ganin dalma, harshe ba ya jin ta, tafasa ruwa ma ba ya fitar da ita. Na'urorin ɗakin gwaji su ne hanyar saninta. Akwai wadda ake kira kiromatogirafi, tana rarrabe sinadaran da suka cakuɗe ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda rariya ke raba gari da tsaki. Da ita ake gano ragowar maganin ƙwari a wake ko gubar fumfuna a gyaɗa. Wata kuma tana auna nauyin ƙwayoyin sinadari, ta faɗi ko mene ne da yawansa, ita ce ke kama dalma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a maikirogiram 10 cikin lita ɗaya (maikirogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram). Allah Ya ce a Suratun Nahli, aya ta 43, mu tambayi ma'abota sani idan ba mu sani ba, kuma a wannan fage masu gwajin ne ma'abota sanin.

Ba na ɗaukar wannan da sauƙi. A 2010 gubar dalma daga aikin haƙar zinare ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, iyayensu ba su ga komai da ido ba sai suma da farfaɗiya.

Saboda haka, in ɗakin gwajin amintacce ne, haramun ne ka sha ko ka shayar da iyalinka alhali kana da wani ruwan. Sayarwa a ɓoye ta fi muni. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya cusa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Ɗan garuwa zai kai ruwan nan gidan da za a dama wa jariri koko.

Na'ura na iya kuskure, musamman in jarkar da aka ɗebi ruwan ba ta da tsabta. Ka sāke gwaji a wani wurin, ka dakatar da sayarwa har sakamako ya fito, ka kuma kai yaran gidanka asibiti a duba jininsu.

Wallahu a'alam.