Tambaya da Amsa: Tantabaru Sun Mamaye Ƙarfen Baranda da Bututun Ruwa

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina zaune a hawa na uku na wani bene, kuma tantabaru sun mayar da ƙarfen barandarmu da bututun ruwan da ya bi jikin bango wurin hutawarsu. Kullum sai na wanke kashinsu, fentin ƙarfen ya fara ɓarewa, shanyar kaya ma tana nema ta gagara. Na rataya tsofaffin faya-fayan sidi, na kuma ajiye mujiyar roba, amma ba a jima ba suka dawo. Wani ya ba ni shawarar in zuba musu hatsi da guba, ni kuwa ina da ƙananan yara. Mece ce mafita? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, mun gode da wannan tambaya. Kafin komai, ina roƙonki ki ajiye shawarar guba gaba ɗaya. Hatsin da aka gauraya da guba ba ya zaɓen bakin da zai shiga, yaro mai rarrafe zai iya tsintarsa, kuma kyanwa ko shahon da ya ci gawar tantabarar shi ma zai iya mutuwa. Ban da haka, idan waɗannan sun mutu wasu ne za su maye gurbinsu, domin abin da ya jawo na farko yana nan bai gusa ba.

Tantabarar gari ta samo asali ne daga tantabarar daji mai yin sheƙa a jikin duwatsu masu tsayi, shi ya sa take ɗaukar dogon gini tamkar gidan kakanninta. Abin da take nema shi ne wuri mai bisa, wanda ƙafarta za ta kama da kyau, inda za ta hango abinci da abokan gaba. Bututu da ƙarfen baranda sun cika waɗannan sharuɗɗa. Mujiyar roba da walƙiyar faifan sidi suna firgita ta na 'yan kwanaki ne kawai, daga nan sai ta lura cewa abin ba ya kai mata hari. An ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Haka kuma kada ki kashe kuɗinki a kan na'urorin da ake cewa suna korar tsuntsaye da sautin da ya fi ƙarfin jin ɗan Adam, domin tsuntsayen ma ba sa jin irin wannan sauti. Maganin da ke ɗorewa shi ne a hana ƙafarta samun wurin tsayawa, kuma yadda za a yi wa bututu daban yake da yadda za a yi wa ƙarfen baranda.

A kan bututun da ke sama, inda hannu ba ya kaiwa, tsinkayen ƙarfe marar tsatsa sun fi dacewa. Ana sayar da su a jere a kan siririn faifan roba, kuma ba sa soke tsuntsu, tun daga sama yake ganin babu masauki sai ya wuce. A kwantar da su a bisa doron bututun tun daga farkonsa har ƙarshensa, a ɗaure da igiyoyin roba masu zugewa ko zoben ƙarfe mai noti, domin gam ba ya riƙe abu mai zagaye yadda ya kamata, balle bututun ruwan zafi. Kada a bar giɓin da ya kai faɗin tafin hannu, musamman a gwiwar bututu da inda ya haɗu da bango, domin nan tantabara take fara leƙawa. Kada a huda bututu don a kafa wani abu, kuma idan na gas ne, ko akwai wayar lantarki kusa, to aikin na ƙwararre ne. Lokaci-lokaci a riƙa duba tsinkayen, saboda idan ganye da leda suka maƙale a tsakaninsu sai su koma ginshiƙin sheƙa.

Ƙarfen baranda kuwa wurin dafawa ne, ba a sa masa tsinke, musamman a gidan da ke da yara. Abin da ya dace da shi siririyar waya ce ta ƙarfe marar tsatsa, zai fi kyau a samu mai rufin roba. A kafa ƙananan sanduna a kan ƙarfen, tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce mita 1.5, sannan a ja wayar a bisansu kimanin santimita 10 sama da ƙarfen, a sa ɗan sifirin a gefe guda domin ta kasance a miƙe amma tana rawa. Idan tantabara ta sauko, ƙirjinta ne zai fara cin karo da wayar, idan kuma ta yi ƙoƙarin tsayawa a kanta sai wayar ta lotsa, ta rasa daidaito ta tashi. Ƙarfe mai faɗi yana buƙatar layi biyu. Mai walda zai iya haɗa sandunan ba tare da wahala ba. Wasu suna amfani da zaren kamun kifi, amma yakan saki da sauri, kuma sakakken zare yana naɗe ƙafar tsuntsu ya bar shi a rataye. Manne mai danƙo da ake shafawa a kan ƙarfe ma ban yarda da shi ba, yana tara ƙura, yana ɓata hannu, yana kuma liƙe fukafukan ƙananan tsuntsaye har su mutu a wulaƙance.

Idan sun riga sun fara sheƙa a cikin barandar, waya kaɗai ba za ta isa ba, domin tantabara ba ta saurin rabuwa da inda ta taɓa ƙyanƙyasa. Tana yin ƙwai 2, ta yi kwanci na kimanin kwana 18, 'yan shilar su bar sheƙa bayan wajen wata guda, kuma tana maimaita haka sau da dama a shekara. A nan sai a rufe barandar da raga daga sama har ƙasa. Raga mai ido na milimita 50 tana tare tantabara, amma ƙananan tsuntsaye irin su gwara sai mai milimita 19. A jira 'yan shila su tashi kafin a cire sheƙar a rufe, kuma a bincika ko dokar ƙasar da ake zaune ta hana taɓa sheƙar da ke da ƙwai.

Batun abinci ma yana da nauyi. Birnin Landan ya hana ciyar da tantabaru a dandalin Trafalgar a shekarar 2003, birnin Venice na Italiya ma ya yi haka a babban dandalinsa a 2008, domin garken tantabaru gwargwadon abincin da ke wurin yake girma. Ki rufe kwandon shara, ki share ɓurɓushin abinci, ki gyara duk inda ruwa ke ɗiga, har da na na'urar sanyaya ɗaki, sannan ki yi magana da maƙwabtan da ke watsa musu hatsi.

Kafin a kafa komai dole a wanke wurin, kuma a nan nake so ki yi hattara sosai. Kashin tsuntsu yana da sinadari mai cin fenti ya buɗe wa tsatsa hanya, kuma busasshensa yakan ɗauki ƙwayoyin cuta, ciki har da wani fungas mai suna Cryptococcus da ke shiga huhu ta numfashi. Kada a share shi a bushe. A jiƙa shi da ruwan sabulu ya yi laushi, a sa takunkumin fuska da safar hannu, a kankare a zuba a leda a ɗaure bakinta, sannan a goge tsatsar a sake fenti. Yara, mai juna biyu da duk wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni su nisanci wurin har sai ya bushe.