Tambaya da Amsa: In Je Kabarin Nkrumah Ko In Bari?

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kasuwa ne a nan Sakkwato, zan je Accra sarin kaya bayan sallah. Abokin tafiyata ya nace sai mun leƙa kabarin Kwame Nkrumah, shugaban Ghana na farko. Ya kai in ba shi yini guda? Daga Alhaji B., Mabera.

AMSA: Alhaji, yini guda ya yi yawa, hantsi ɗaya ya ishe ka, amma ka je. Sai dai ka cire Hubbaren Shehu daga ranka tun daga gida. Can tikiti ake yanka a ƙofa, baƙo ya fi ɗan ƙasa biya, kuma 'yan makaranta da masu ɗaukar hoto za ka tarar.

Filin dab yake da teku. Tsohon filin folo ne na Turawan mulki, kuma a nan Nkrumah ya tsaya ya shelanta 'yancin Ghana na 6 ga Maris 1957, sanye da batakari, rigar saƙin mutanen arewacin ƙasar. Ya rasu a Romaniya a 1972, aka binne shi a ƙauyensu Nkroful, sai a 1992 aka dawo da gawarsa wannan gini na marmara. Matarsa Fathia, 'yar Masar, tana kwance kusa da shi. An sake buɗe wurin a 2023 bayan gyara.

Ni dai ba ginin ne ya fi tsaya mini a rai ba. Ka nemi mutum-mutuminsa marar kai. Da sojoji suka hamɓarar da Nkrumah ranar 24 ga Fabrairu 1966, yana kan hanyar zuwa Hanoi, jama'a suka far wa gunkin suka guntule shi. An ajiye kan a gefe, ba a ɗora ba, ba a ɓoye ba. Mu da muka rasa Sardauna makonni shida kafin nan, wannan shekarar ba baƙuwarmu ba ce, sai ka tsaya ka duba da kyau.

Ɗakin tarihin da ke wurin ba ya ɗaukar lokaci, hotuna ne da kayansa. In azahar ta matso, ku nufi babban masallacin unguwar Kanda, daga nan ku faɗa unguwar Nima, inda za ka yi ciniki da Hausa har ka manta ka bar gida. Fasfon ECOWAS ya ishe ka ba sai da biza ba, amma kar ka bar katin rigakafin shawara a gida, ana tambaya a iyaka.