Fitilun da Suka Jeru a Sama

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Bayan sallar magariba, ni da 'yan'uwana a Mai Wurno mun ga fitilu sun jeru a sama kamar carbi, suna tafiya ba ƙara. Shin akwai masu binciken irin wannan? (Daga wani manomi, jihar Sinnar)

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Akwai su, kuma da yawansu 'yan sa kai ne. A Amurka an kafa ƙungiyar MUFON, mai binciken abubuwan da ake gani a sama ba a san ko mene ne ba, a 1969, shekarar da rundunar sojin saman ƙasar ta rufe nata binciken bayan ta tattara rahotanni 12,618, waɗanda aka kasa gano asalin 701 daga cikinsu. Mambobin ƙungiyar sukan yi wa wanda ya gani tambayoyi, su rubuta lokaci da wuri da nahiyar da abin ya nufa, sannan su gwada da hanyoyin jirage da taurari, kuma sau da yawa sai a tarar Zara ce ko balan-balan na awon yanayi.

Abin da kuka bayyana ya fi kama da taurarin ɗan'adam na Starlink masu samar da intanet, waɗanda aka fara harbawa da yawa a 2019, domin sababbi sukan tafi a jere, rana tana haska su bayan ta faɗi a wurinmu. Amma tunda jirage marasa matuƙi suna yawo a sararin Sudan saboda yaƙi, ina roƙonku, idan haske ya sauko ƙasa-ƙasa ko kuka ji ƙararsa, ku shigar da yara ɗaki nan take.