Ƙusa da baƙin tabo a katakon oak

Tambaya: Malam, me ya sa gefen ƙusoshin kantar oak ke yin baƙi?

Amsa: Oak, wata bishiya mai katako mai ƙwari, na ɗauke da sinadarin tanin. In ya haɗu da baƙin ƙarfe ga danshi, sai baƙin tabo ya fito, ƙusar ma ta ci tsatsa. Nemi sukuru na ƙarfen da ba ya tsatsa, ko na tagulla.

Sai dai tagulla ba ta da ƙwari, kan sukurun yakan karye. Fara huda rami, ka ɗaura sukurun ƙarfe mai girma daidai da na tagullar ya buɗe hanya, ka kwance, sannan ka shafa wa na tagullar kakin zuma ka ɗaura. Kusa da baki kuwa, in ba huji, katakon tsagewa zai yi.