Amsa kan zanen barkwancin da aka dawo da shi

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa mujallu ke dawo maka da zane alhali hannunka na da kyau. Kada gwiwarka ta yi sanyi. Ko a mujallar New Yorker ta Amurka, mai zane kan aika kusan goma a mako, da ƙyar a ɗauki ɗaya.

Na duba zanenka na kasuwar Maigatari, inda akuya ta cafke 'yar dubu a hannun dillali. A ƙasa ka rubuta "Akuya na cin kuɗi." Ai ido ya riga ya gani! Bar dillalin ya yi magana: "Yanzu har da ke a cin la'ada?" Kalmar dariyar ta zo ƙarshe.

Karanta wa mutanen teburin mai shayi da daddare. In sai ka yi bayani suka dara, sake rubutawa.