Abubakar uku a gida ɗaya: wanne ne kakanmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan cikin garin Katsina ne, ina ƙoƙarin rubuta salsalar gidanmu. Na tarar da Abubakar har uku a tsakanin kakanni, kowa na tambaya sai ya kira min wani daban. Ta yaya zan rabe su?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya yi wa wannan aiki albarka, domin sada zumunci ne kake yi.

Abin da ya ruɗa ka ba baƙon abu ba ne. A gidajenmu sunaye zagayawa suke yi. Mutum ya haifi ɗa ya sa masa sunan mahaifinsa, ƙaninsa ma ya haifa ya yi haka, sai a wayi gari jikoki uku duk takwarorin kaka ɗaya ne. Kuma saboda kunya ba mai kiran sunan, sai a sakaya: wannan Babangida, wancan Abba, na ukun Baffa. Ga kuma alkunyar da ke manne da sunan kansa, Abubakar ya zama Garba ko Habu, Usman ya zama Shehu ko Mani, Umaru ya zama Sanda. Saboda haka kafin ka yarda uku ne, ka bincika da kyau. Sau da yawa Garba da Abubakar ɗin mutum ɗaya ne aka raba biyu, wani lokacin kuma mutum biyu ne aka dunƙule.

Tambayar da nake fara yi kullum ita ce: ɗan ɗakin wa ne? A gidan da ake da mata uku ko huɗu, sunan uba ba ya raba kowa da kowa, duk nasa ne. Uwa ce ke rabawa. Wannan ilimi kuwa yana wurin tsofaffin mata, gwaggonni da kakanni. Su suka zauna a tsakar gidan, sun san wa aka yaye da wa, wa ya sha nonon wa, wa aka kai riƙo. Na taɓa zama da wata tsohuwa a kan irin wannan rikici, maza sun kwana biyu suna gardama a zaure. Tana tsintar shinkafa a faifai, ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce, "Ai na ɗakin Indo shi ne mai rini, na ɗakin Kulu fatauci ya tafi bai dawo ba." Nan maganar ta ƙare. Ka je wurinsu da goronka ko turare, ka nemi izini ka ɗauki muryarsu a waya, kada ka katse su in sun shiga wani labarin, don a nan ake tsintar abin da ba a tambaya ba.

Kada ka tambayi tsoho shekara da lamba. Tambaye shi zamanin wane sarki. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, Usman Nagogo daga 1944 zuwa 1981, Muhammadu Kabir Usman daga 1981 zuwa 2008. In danginku sun taɓo Daura, Sarki Muhammadu Bashar ya hau a 1966 ya rasu a 2007. Wanda aka ce ya yi aure zamanin Dikko ba zai zama wanda aka yi wa kaciya shekarar canjin kuɗi zuwa naira ba, wato 1973. Sunayen haihuwa ma suna taimakawa wajen jera 'yan ɗaki: Lawal na fari, Sani na biyu, Salisu na uku, Gambo bayan tagwaye, Tanko namijin da ya biyo mata.

Sai ka yi hattara da sunan ƙarshe na takardun boko. Da yawa sunan gari ne ko unguwa aka maƙala wa yaro ranar shiga makaranta. 'Yar'aduwa da duniya ta sani ta dalilin marigayi Shugaba Umaru Musa, ai sunan unguwa ce a nan Katsina. Haka masu amsa Kurfi ko Rimi, gari ya haɗa su, ba lallai jini ba. Ɗan riƙo kuma sau tari da sunan baffan da ya riƙe shi aka rubuta shi.

Takardar da na fi amincewa da ita ita ce ta rabon gado daga kotun alƙali, domin tana lissafa magada ɗaya bayan ɗaya, har da matan mamaci. Ka duba kuma bangon tsofaffin Alƙur'anai da littattafan gidanku, malamai kan rubuta haihuwa da rasuwa da ajami a can.

Wajen rubutawa, kowane Abubakar ka ba shi shafinsa: sunan yanka, laƙabi, uwa, sana'a, unguwa, inda aka binne shi, da sunan wanda ya faɗa maka. In baki biyu suka saɓa, rubuta duka biyun, kada ka zaɓi wanda ya fi daɗin ji. Ka fara da gwaggon da ta fi kowa tsufa, cikin makon nan in da hali.